Babbaƙu Kafin Farfaru: Darussan Share Fage ga Ɗaliban Jami'a Masu Fara Koyon Harshen Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

A shekarata ta farko a jami'a an haɗa ni ɗaki da wani ɗalibi da aka ɗauka a sashen kimiyyar kwamfuta. Yaro ne mai kaifin basira, wanda duk makarantar sakandaren da ya fito babu mai kama ƙafarsa a lissafi. Sai dai bai taɓa ɗora yatsunsa a kan madannan kwamfuta ba sai lokacin da ya tashi shirin jarrabawar shiga jami'a, wadda tun shekarar 2015 da kwamfuta ake yin ta a Nijeriya. Da aka fara darasin rubuta manhaja sai ya tarar da kansa a benci ɗaya da waɗansu da suka shekara uku ko huɗu suna wannan aiki a gidajen iyayensu. Malami na yin tambaya su cafe, shi kuwa ko tambayar bai gama fahimta ba. Kafin zangon karatu ya ƙare ya yanke wa kansa hukunci cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta wannan fanni ba ce, ya nemi canjin sashe.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wata dabara da jami'o'i da dama a duniya suka ɓullo da ita don magance irin wannan hasara, wato darussan share fage ga ɗaliban da ba su taɓa rubuta manhaja ba. Za a duba girman matsalar, da mafarin tunanin, da ire-iren darussan, sa'an nan a tsaya a kan wata kwaleji guda ta ƙasar Amurka a ga yadda ta yi da abin da ta samu.

2.0 Ma'anar Rubuta Manhaja

Kafin a yi nisa, ya kamata mai karatu ya bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗa su. Iya amfani da kwamfuta daban, iya rubuta manhaja daban. Na farko shi ne mutum ya buga wasiƙa ko ya aika saƙo ta hanyar manhajar da wani ya riga ya shirya. Na biyu kuwa shi ne mutum ya tsara wa na'urar umarni da kansa, daki-daki, cikin wani harshe na musamman kamar Python ko Java, har ta aiwatar da aikin da babu wanda ya taɓa koya mata.

An kira su harsuna ne domin kowannensu yana da kalmominsa da nahawunsa. Amma akwai babban bambanci tsakaninsu da harshen ɗan'adam. Idan baƙo ya ce wa Bahaushe "yarinya ya zo", za a yi murmushi a gane nufinsa. Kwamfuta ba ta san wannan sassauci ba. Waƙafi guda in ya ɓace, ko baka ta buɗe ba a rufe ta ba, sai ta tsaya cik. In kuma nahawun ya yi daidai amma tunanin ya karkace, sai ta aikata abin da aka rubuta ɗin, ko da ya saɓa wa abin da marubucin ya nufa. Saboda haka sabon ɗalibi yana fama da kaya biyu a lokaci guda: ga sabon nahawu, ga sabuwar hanyar tunani.

3.0 Girman Matsalar

A shekarar 2007 waɗansu malamai biyu na ƙasar Denmak, Jens Bennedsen da Michael Caspersen, sun tattara bayanai daga makarantu daban-daban, suka gano cewa kimanin kashi 33 cikin ɗari na masu ɗaukar darasin farko na rubuta manhaja ba sa haye shi. A 2014 Christopher Watson da Frederick Li na Jami'ar Durham ta Ingila suka sake bin sawun batun, suka duba kwasa-kwasai 161 a ƙasashe 15, suka tarar masu cin jarrabawar kashi 67.7 ne cikin ɗari. Wato dai cikin kowane ɗalibai uku, ɗaya yana faɗuwa ko ya janye.

Da daɗewa malamai da yawa sun ɗauka cewa abin baiwa ce: wani an haife shi da ita, wani kuwa ko za a shekara ana koya masa ba zai iya ba. A 2006 Saeed Dehnadi da Richard Bornat na Jami'ar Middlesex suka rubuta wata takarda da ta bazu ƙwarai, inda suka kwatanta sakamakon ɗalibai da raƙumi mai tozo biyu, tozo ɗaya na masu iyawa, ɗaya na waɗanda ba za su taɓa iyawa ba. Amma a 2014 Bornat da kansa ya fito ya janye wannan da'awa. Bayan shekara biyu, wato a 2016, Elizabeth Patitsas da abokan aikinta na Jami'ar Toronto ta Kanada suka bincika sakamakon azuzuwa 778 na Jami'ar British Columbia, suka ga kashi 5.8 cikin ɗari ne kawai suka nuna alamar tozo fiye da ɗaya. Mafi yawan sauran irin sakamakon da aka saba gani ne a kowane fanni: kaɗan a sama, kaɗan a ƙasa, mafi yawa a tsakiya.

To, in ba baiwa ba ce, me ke raba ɗalibai a makonnin farko? Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ɗalibin da ya girma da kwamfuta a ɗakinsu ya riga ya yi kura-kuran farko a asirce, ba mai kallonsa, ba mai ba shi maki. Ɗan'uwansa kuwa a bainar jama'a yake yin nasa, ga kuma jarrabawa tana jiran sa. Da malami da ɗalibi duk sai su ɗauki wannan tazara ta sabo a matsayin tazarar hazaƙa.

4.0 Mafarin Tunanin

Tunanin sauƙaƙa wa sabon shiga ya girmi ƙananan kwamfutocin da muka sani. A farkon shekarun 1960, mai son aiki da kwamfuta sai ya huda umarninsa a jikin katuna, ya miƙa wa ma'aikatan ɗakin na'ura, ya tafi ya jira sa'o'i ko yini guda kafin ya ga sakamako. In ya yi kuskuren harafi ɗaya, sai ya gyara ya sake bin layi. A Kwalejin Dartmouth ta jihar New Hampshire, malaman lissafi biyu, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ga cewa galibin ɗalibansu ba 'yan kimiyya ba ne, kuma ta wannan hanya har abada ba za su kusanci na'urar ba.

Sai suka yi abu biyu. Da farko suka shirya tsarin karɓa-karɓa, inda mutane da yawa za su zauna gaban injuna masu kama da tafireta, kwamfuta guda tana zagayawa tana amsa wa kowa cikin ƙiftawar ido. Na biyu, suka ƙirƙiro sabon harshe mai suna BASIC, wanda harafin farko na sunansa ma yana nufin "na mai farawa". Umarninsa kaɗan ne, kuma kalmomin Ingilishi ne na yau da kullum. Ranar 1 ga Mayu, 1964 aka fara gudanar da shi. Darasin da aka koya daga Dartmouth, wanda har yau bai tsufa ba, shi ne cewa mai koyo yana buƙatar ya ga sakamakon kuskurensa nan take, ya gyara, ya sake gwadawa.

5.0 Ire-iren Darussan Share Fage

Idan aka duba yadda jami'o'i ke tafiyar da wannan al'amari a yau, za a iya kasa shi gida uku.

Na farko shi ne gajeren kwas kafin a buɗe makaranta. Wannan ya yawaita a jami'o'in Jamus, inda zangon hunturu ke farawa a watan Oktoba. Ana gayyatar sababbin ɗalibai su zo mako ɗaya ko 'yan makonni kafin lokaci, ana yi musu lacca, ana kuma zaunar da su ƙungiya-ƙungiya suna gwaji a ƙarƙashin tsofaffin ɗalibai. Galibi ba dole ba ne, kuma ba ya shiga cikin makin digiri. Fa'idarsa ita ce ɗalibi yana yin kuskure ba tare da fargaba ba.

Na biyu shi ne cikakken darasi na zango guda da ake ɗauka kafin darasin farko na ainihi. Misalinsa akwai wanda Dan Garcia da Brian Harvey suka tsara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ake amfani da harshen Snap!. A irin wannan harshe ba a buga umarni da haruffa. Tubala ne masu launi ake jawowa ana harhaɗawa, kuma tubalin da bai dace da wani ba ba zai shiga ba. Ta haka an ɗauke wa ɗalibi kayan nahawu na ɗan lokaci, ya fuskanci tunanin kaɗai. Ko shahararren darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke jagoranta tun 2007, da irin wannan harshe na tubala mai suna Scratch yake buɗewa kafin a shiga harshen C.

Na uku shi ne a bar darasin farko a matsayinsa, amma a raba ajin bisa ga sabon da kowa ya zo da shi. Wannan shi ne abin da za mu duba yanzu.

6.0 Misalin Kwalejin Harvey Mudd

Harvey Mudd ƙaramar kwaleji ce ta kimiyya da injiniya a garin Claremont na jihar Kalifoniya. An kafa ta a 1955, kuma ɗalibanta ba su kai dubu ba. Ƙa'idarta ce kowane ɗan shekarar farko ya ɗauki darasin kwamfuta, ko da kimiyyar sinadarai ko lissafi ya zo karantawa. Kafin 2006 da harshen Java ake koyar da darasin, a aji ɗaya. Waɗanda suka zo da sabo suna jin daɗinsa, saura kuwa suna daurewa su haye, daga nan ba su ƙara waiwayar fannin. Mata, waɗanda galibinsu ba su zo da sabon ba, kimanin kashi 10 cikin ɗari ne kawai na masu zaɓar kwamfuta a matsayin fannin digiri.

Malamai huɗu na sashen, Christine Alvarado da Zachary Dodds da Geoff Kuenning da Ran Libeskind-Hadas, suka sake wa darasin fasali, shugabar kwalejin Maria Klawe, wadda ta riƙe muƙamin daga 2006 zuwa 2023, ta mara musu baya. Ga muhimman canje-canjen.

Da farko an raba ajin biyu: na waɗanda ba su taɓa rubuta manhaja ba, da na waɗanda suka taɓa. Ba a kira su ajin manya da ajin ƙanana ba. An sa musu sunayen launukan kwalejin, ruwan zinariya ga sababbi, baƙi ga masu sabo, don kada suna ya zama tambarin gazawa. Ginshiƙan darasin ɗaya ne a azuzuwan biyu, kuma duk a darasi na gaba guda suke haɗuwa. Bambancin yana ga yanayin aji: sabon shiga yana iya ɗaga hannu ya yi tambayar da yake ganin ta wauta ce, domin kowa a wurin irinsa ne.

Na biyu, an bar Java an koma Python, wanda nahawunsa ya fi sauƙi. Abin da ke cin layuka da dama a Java kafin na'ura ta rubuta kalma ɗaya, a Python layi guda ne.

Na uku, an faɗaɗa abin da ake koyarwa ya wuce nahawun harshe ɗaya. Aikin makon farko wasa ne da wani ɗan mutum-mutumi na cikin allo mai suna Picobot. An ajiye shi a ɗaki, ba ya ganin komai sai abin da ke dab da shi ta gabas da yamma da kudu da arewa, kuma aikin ɗalibi shi ne ya rubuta masa 'yan dokoki da za su sa ya taka kowane taku na ɗakin, ko daga ina ya fara. Ana koyon harshensa cikin 'yan mintoci, amma warware matsalar sai an yi tunani mai zurfi, kuma wanda ya daɗe yana rubuta Java bai fi sabon shiga wata dabara ba a nan. Daga baya ɗalibai sukan ga yadda ake harhaɗa da'irorin lantarki su yi lissafi, su rubuta umarni cikin harshen inji na wata 'yar kwamfutar koyarwa, har su san cewa akwai matsalolin da babu kwamfutar da za ta iya warwarewa.

Na huɗu, in aka sami ɗalibin da ke mamaye aji da nuna sani, malami yakan ja shi gefe ya yaba masa, ya roƙe shi su riƙa tattauna irin waɗannan tambayoyi a ofis.

Cikin 'yan shekaru adadin mata masu zaɓar fannin ya tashi zuwa kimanin kashi 40 cikin ɗari, a 2016 kuma mata ne kashi 55 cikin ɗari na waɗanda suka kammala digirin kwamfuta a kwalejin. Gaskiya ne ba gyaran darasi kaɗai ya kawo haka ba, domin an riƙa kai 'yan shekarar farko babban taron mata masana kwamfuta da ake yi da sunan Grace Hopper, an kuma ba su damar yin bincike a lokacin hutu. Amma irin wannan sakamako an gan shi tun da farko a Jami'ar Carnegie Mellon, inda Allan Fisher da Jane Margolis suka yi nazari: da aka daina fifita masu sabo wajen ɗaukar ɗalibai, aka kuma buɗe ƙofofin shiga daban-daban gwargwadon sabon kowa, mata suka tashi daga kashi 7 cikin ɗari na sababbin ɗalibai a 1995 zuwa kashi 42 a 2000.

7.0 Abin da Darasin Ke Koyarwa

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a ba yaro farfaru sai ya san babbaƙu, ba a kuma sa shi haɗa kalma sai ya san farfaru. Babbaƙun rubuta manhaja uku ne: jerantawa, wato yin abu bayan abu, zaɓi, wato in kaza ya faru a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza, da maimaitawa, wato a ci gaba da yin abu har sai wani sharaɗi ya cika. Tun 1966 Corrado Böhm da Giuseppe Jacopini suka tabbatar cewa da waɗannan uku ana iya tsara kowane lissafi da kwamfuta ke iya yi.

Sai kuma batun ma'aji, wato gurbin da ake sa wa suna a ajiye ƙima a ciki. A nan sababbi da yawa ke tuntuɓe. Ɗalibin lissafi in ya ga an rubuta x = x + 1 sai ya ce ƙarya ne, alhali a harshen Python umarni ne: ɗauki abin da ke cikin x, ƙara ɗaya, mayar da shi ciki. Haka nan in aka ce ya musanya abin da ke cikin ma'aji biyu, sai ya juye na farko a na biyu, abin da ke na biyun ya salwanta. Mace mai ƙwaryar gero da ƙwaryar dawa, in tana son ta musanya su, ta san sai ta nemo ƙwarya ta uku. Wannan ƙwarya ta uku ita ce ɗalibin ke mancewa.

Abu na ƙarshe shi ne farautar kuskure. Bari mu ɗauki misali daga namu fannin. A ce an sa ɗalibi ya rubuta manhajar da za ta liƙa wa suna ɗafa-ƙeyar nasaba, -n ko -r. Zai fara da doka mai sauƙi: in suna ya ƙare da wasalin a, a sa -r, in ba haka ba, a sa -n. Ya gwada riga ya sami rigar, ya gwada doki ya sami dokin, ya gwada mace ya sami macen. Murna ta kama shi. Sai ya gwada gida, na'ura ta ba shi "gidar". Na'urar ba ta yi laifi ba. Dokar ce ba ta san cewa gida da ruwa da nama da suna duk jinsin namiji ne ba, ko da yake sun ƙare da a. Dole ya koma ya shigar da jinsi cikin dokar. Ɗalibin da ya saba da wannan zagaye na gwaji da gyara yana ɗaukar saƙon kuskure a matsayin manuniya. Wanda bai saba ba kuwa, da ya ga jan rubutu a allo sai gabansa ya faɗi.

8.0 Waɗansu Ƙorafe-ƙorafe

Akwai masu cewa kwas na mako biyu ba zai cike giɓin shekara huɗu ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba a ce zai cike ba. Abin da yake yi shi ne ya hana ɗalibi yanke ƙauna kafin ya sami gindin zama. Wata matsalar ita ce, in kwas ɗin na ganin dama ne kuma kafin buɗe makaranta, mai yiwuwa waɗanda suka fi buƙatarsa su ne ba za su zo ba, saboda kuɗin mota da masauki. Raba aji kuma yana buƙatar ƙarin malamai da ɗakuna; abin da kwaleji mai ɗalibai ƙasa da dubu ta iya, jami'ar da ke tara ɗaruruwa a lacca guda sai ta yi dabara, alal misali ta raba ƙananan azuzuwan gwaji ta bar lacca a haɗe, kamar yadda ake yi a CS50.

Daɗin daɗawa, tun da manhajoji irin su ChatGPT suka bayyana a 2022 suna rubuta umarnin kwamfuta da kansu, waɗansu na ganin koyon ya zama ɓata lokaci. Amma waɗannan manhajoji suna yin kuskure, kuma wanda bai san babbaƙu ba ba zai gane inda aka rubuta masa "gidar" ba.

9.0 Kammalawa

An ga cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu fara wannan darasi ba sa haye shi, kuma bincike bai goyi bayan cewa baiwa ce ke raba su ba. An ga hanyoyi uku na share fage, da yadda Kwalejin Harvey Mudd ta raba aji, ta sauya harshe, ta faɗaɗa darasi. A wurare irin namu, inda ɗalibai da yawa ke isowa jami'a ba su taɓa mallakar kwamfuta ba, tambayar da ya kamata a fara yi wa sabon ɗalibi ranar rajista ita ce ko ya taɓa rubuta manhaja, sa'an nan a san bencin da za a zaunar da shi. Abokin ɗakin nan nawa yana gab da kammala digirinsa a wani sashe da sakamako mai kyau, amma har yau in aka yi zancen kwamfuta cewa yake yi shi ba shi da kan abin, alhali makonni kaɗan kawai aka ba shi ya gwada.